Ɗurin Harsashi da Kwanson Jambaki: Yadda Ake Zama Maharbin Barewa a Guangzhou

Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari cikin wata biyu za a riƙa kiranka maharbi tun daga unguwar Liuhua har ta Panyu, ba tare da ɗan yatsanka ya taɓa kunamar bindiga ba. Ba ji-ta-ji-ta nake ba ka ba, a kaina aka gwada. Ni ne Ƙasimu ɗan Maidaji. Shekara tara ke nan ina sayen fitilun sola a Guangzhou ta ƙasar China ina turawa Kano, kuma a duk faɗin garin nan babu wanda ya kai ni suna wurin ɗurin harsashin farautar barewa. Babu kuma wanda ya kai ni tsoron ƙarar bindiga, amma wannan tsakanina da kai ne.

Darasin ba na kowa ba ne. Na wanda ubansa maharbi ne, shi kuwa ya fito ɗan tireda. Na wanda in ya kira gida, tsoho zai ce, "Lafiya? To, lafiya. Ga ƙanwarka," ya miƙa waya tun kafin a gama amsa sallama. Idan burinka wata rana tsohon nan ya riƙe wayar ya ƙi saki, matso kusa ka buɗe kunne.

Mataki na ɗaya: Ka zaɓi garin da ba za a ce "gwada mu gani" ba

Kada ka kuskura ka fara wannan sana'a a gida. A Kano ko a ƙauyenku, kana buɗe baki ka ce kai maharbi ne, wani ɗan baƙin ciki zai shiga ɗaki ya fito da harba-ka-ruga ya ɗora maka a cinya. Daga nan ka shiga uku.

Guangzhou kuwa gari ne mai albarka. Nan bindiga haramun ce ga kowa, kuma ba da wasa suke ba. Ko jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka hau, sai an tura jakarka cikin na'ura an leƙa hanjinta. Wannan doka ita ce jarinka, ka riƙa sa ta a addu'a. Duk wanda ya ce ka nuna masa bindigarka, ka dube shi da tausayi, ka rage murya, ka ce, "Kai ma ka san ƙasar da muke." Zai ji kunya har ya ba ka haƙuri.

Ka kuma ji ni da kyau: kada ka nemi albarushi na gaske ko harsashi na gaske, ko a mafarki. Bincike ya nuna babu maharbin da ya taɓa yin suna daga cikin kurkuku, ko daga kujerar baya ta jirgin da aka koro shi a ciki.

Mataki na biyu: Ka tuna abin da ya kawo ka, amma kada ka faɗa wa kowa

Kowane babban maharbi yana da labarin ranarsa ta farko a daji. Ga nawa. Ina ɗan shekara goma sha huɗu Baba Maidaji ya ɗauke ni muka shiga dajin Falgore, shi da bindiga, ni da goran ruwa. Kafin mu fita na tsuguna ina kallonsa yana ɗuri: ya auna da ɗan ƙahon da yake awo da shi, ya zuba, ya danna, bai ce uffan ba. Wannan ɓangaren ya yi mini daɗi ƙwarai. Da muka yi nisa ya hango barewa, ya ɗaga ya saki wuta, sai kawai na tsinci kaina a tsakar gidanmu, babu gora, babu takalmi ɗaya. Kilomita bakwai ne, an auna daga baya.

Baba bai dake ni ba, bai yi faɗa ba. Da ya dawo da yamma ya ajiye goran a ƙofar ɗakina, ya ɗora takalmin a kai, shi ke nan. Da ma ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana saboda kunya irin ta mutanen da, "kai" kawai yake ce mini. Daga ranar sai "kai" ɗin ma ta ɗauke. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kai ma kana da labari irin wannan, shi ya sa kake karatun nan. Ka ninke shi ka sa a ƙasan akwati. In an tambaye ka ranarka ta farko a daji, ka ce, "Ranar aka gane ina da sauri." Ba ka yi ƙarya ba.

Mataki na uku: Ka nemi majalisa, ka fara da ajiyar zuciya

Ba a ɗaki ake yin suna ba, a wurin cin tuwo ake yi. Bayan titin Liuhua akwai wani bene, hawa na shida, inda Hajiya Salamatou 'yar Yamai take tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka don duk wanda taliyar 'yan China ta ishe shi. Nan Kanawa da 'yan Maraɗi suke haɗuwa bayan azahar, kowa da ledar sanful, wato samfurin kaya, a gindin ƙafa.

Kada ka fara da surutu, sabon shiga ne yake surutu. Ka ɗauki tsoka daga miya, ka juya ta, ka yi ajiyar zuciya, ka mayar. Ka yi haka kwana uku a jere. A rana ta huɗu dole wani ya tambaya. Sai ka ce, "Ba komai. Sabo ne kawai. Wanda ya tashi da naman da ya harbo da hannunsa." Kada ka ƙarasa maganar. Ka ci gaba da cin tuwonka, tsokar ma ka cinye, don ba a wasa da nama a ƙasar nan.

Za su tambaya ina kake farauta a ƙasar da babu bindiga. Ka ce wani laoban, wato maigidan wata masana'anta, yana da daji nasa na kansa can arewa, awa goma sha ɗaya a jirgin ƙasa, kuma ba ya yarda da harsashin kowa sai wanda kai ka ɗura. Kada ka faɗi sunan garin. Ko ka faɗa ma babu mai iya maimaitawa.

A kowace majalisa akwai mutum ɗaya da aka halitta musamman don ya hana ka sakewa. Namu shi ne Alhaji Tankari, dattijo ɗan Maraɗi, mai sarin kayan kwalliyar mata. Ranar da na yi wannan bayani ko ɗagowa bai yi daga kwanonsa ba.

"To madalla," in ji shi. "Ashe muna zamne da Sarkin Baka ba mu sani ba. Salamatou, ƙara mishi miya, patron ne, babban mutum."

In an yi maka irin wannan, ka karɓi miyar. Sarautar ma ka karɓa. Yawancin manyan laƙabai da zolaya suka fara, sai mutane su manta da dariyar su riƙe sunan.

Mataki na huɗu: Kayan aiki

Mai ɗurin harsashi yana buƙatar kwanso, da gari, da sikeli. Duka ukun Guangzhou tana da su, in dai ka san sunan da suke amsawa a kasuwa.

Fara da kwanso. Ka nufi kasuwar kayan kwalliya ta wajen Baiyun, ka nemi layin masu sayar da kwanson jambaki wanda ba a zuba komai a ciki ba. Akwai wani ruwan zinare, dogo, mai tsinin kai. In ka ja baya taku biyu ka ɗan kanne ido, harsashi ne sak.

Matar shagon za ta tambaye ka katan nawa. Ka ce ashirin.

"Katan ashirin?" Za ta jawo maka kujera.

"Guda ashirin, laoban. Sanful."

Za ta janye kujerar. "Meyo, meyo," wato babu, tana kaɗa maka hannu. Kada ka motsa. Ka yi fuskar mutumin da zai dawo sati mai zuwa da odar kwantena. A ƙarshe za ta zuba maka ashirin a leda tana gunaguni, ta tambaya ko matarka ce za ta gwada kasuwar. Ka ce e. Ba ka da mata, amma nan ba wurin gyara bayani ba ne.

Sai gari. 'Yan China suna niƙa baƙin riɗi su dama kunu da shi, kowane kanti akwai. A hoto ba shi da maraba da albarushi. Ya ma fi shi, domin in ɗan sanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, sai ka buɗe harsashi ɗaya ka zazzage a baki a gabansa. Duk duniya babu maharbin da zai iya wannan sai kai.

Sikeli kuma ka nemi ɗan ƙarami na masu awon gwal. Ka haɗa da cokalin shayi, da farin ƙyalle, da hantsaki. Hantsakin ba shi da aikin komai, amma yana ƙara kwarjini.

Mataki na biyar: Ɗurin kansa

Ka jira hantsi, lokacin da rana take leƙowa ta tagar ɗakinka na Panyu ta sauka a kan tebur. Ka kawar da katan-katan na fitilu daga bayanka. Ka jingina waya da kofi ka kunna bidiyo.

Ka goge kowane kwanso ciki da waje, ka jera su sahu. Ka ɗebo gari a bakin cokali ka zuba a sikeli, ka zuba wa lambar ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ka rage ɗan kaɗan. Ka mayar da rabin abin da ka rage. Nan duk asirin sana'ar yake: duk wanda ya ga mutum ya rage kaɗan ya mayar da rabi, ya san ya haɗu da masani. Sannan ka zuba, ka rufe, ka ɗaga shi sama ka duba a haske, ka gyaɗa kai sau ɗaya tak. Sau biyu zumuɗi ne.

Kada ka yi magana. Na farko, maharbi ba ya magana yana ɗuri. Na biyu, ba ka san abin da za ka ce ba.

A nan wani abu zai same ka wanda ba ya cikin alkawarina: aikin zai yi maka daɗi. Ni na zauna don bidiyon minti ɗaya, ban ɗago ba sai da la'asar ta yi, na ɗura ashirin ɗin na zazzage na sake har sau huɗu. Ban tuna kwantena ba, ban tuna kwastan ba, ban tuna ko na ci abinci ba. In ya same ka kada ka damu, ka sha ruwa.

Ka ɗora bidiyon a sitatus. Washegari a wurin Hajiya Salamatou wayarka za ta zaga hannu-hannu, ana jinjina kai. Tawa ta zaga har ta isa hannun Tankari. Ya sa tabarau, ya kalla sau biyu.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Wanga harsashi na san shi. Katan ɗari nik kai Maraɗi bara. Mata na son shi ƙwarai, balle ja mai duhu."

Wani Bakano mai suna Alhasan ya ajiye cokali. "Alhaji, matan Maraɗi farauta suke yi?"

"Wasunsu," in ji Tankari. Ya miƙo mini wayar, ya koma kan tuwonsa.

Ka riƙe wannan: mutumin da ya gane ka kuma ya yi shiru, daga ranar ka riƙa gaishe shi da hannu biyu.

Mataki na shida: Ka samo barewa

Harsashi ba barewa ado ne kawai, dole a ga gawa. A Panyu akwai gidan namun daji inda ake barin mutane su shiga cikin barewa su ba su abinci. Ka je ranar aiki, da tsakar rana, lokacin da suke kwanciya a inuwa. Ka sa kaki da takalmin sojan gona. Ka zaɓi wadda barci ya fi nisa da ita, ka tsuguna a bayanta, ka ɗora hannu kusa da wuyanta. Kada ka yi murmushi. Ka kalli nesa, wajen da ake sayar da askirim.

Abu uku za ka yanke daga hoton: lambar roba da ke kunnenta, da katanga, da hannun matar da take miƙo mata karas.

Tawa ta farka a hoto na uku. Ta dube ni, na dube ta. Shekara ashirin da ɗaya rabona da ganin barewa ido da ido, kuma ba na jin wani ya ba ta labarina, amma ta yi mini kallon wanda ta sani. Ta sa baki a aljihuna ta zare takardar odar wani kwastoma ta tauna a nitse. Ban gudu ba. Ja da baya na yi, da ɗan sauri.

Daga ranar da hoton ya fita, Hajiya Salamatou ta daina sa mini tsoka ɗaya, ta koma biyu. Alhasan ya fara kawo mini tambayoyi a kan bindigar yayansa da take cijewa. In ka kai wannan matsayi, amsarka ɗaya ce ga kowace tambaya: "Sai na ji ta a hannuna."

Mataki na bakwai: Idan labari ya isa gida

Ka sani, kwantena tana kwana arba'in a teku, kagon jirgin sama yana sati a hanya, labari kuwa kafin ka idar da alwala ya sauka. Ƙanwata Barira ce ta ga sitatus ɗin, ta ɗauki waya ta kai wa Baba har zaure.

Ranar Juma'a ce, mu nan la'asar, su can safiya. "Yaya, ga Baba," in ji Barira. Na shirya lafiya-lafiyata guda biyu kamar kullum.

"Kai," in ji shi.

Na miƙe tsaye ban sani ba.

"Wannan barewar tasu, ƙahonta reshe-reshe ne haka, ko idona ne?"

"Haka nasu suke, Baba."

"Ikon Allah. To da ka biyo ta, iska tana ta ina?"

Ga dabara mafi tsada a duk darasin nan, kyauta na ba ka. In tsoho ya yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka mayar masa da ita. Ka ce, "Baba, in kai ne ya za ka yi?" Shi ke nan ka kunce bakin buhu. Minti arba'in ya yi yana magana. Ya gaya mini yadda ake ɗiban ƙasa a saki don a ga inda iska ta nufa. Ya gaya mini barewa takan waiwayo sau ɗaya kafin ta zura, kuma wannan waiwayen shi ne rabon maharbi. Ya ba ni labarin ranar da ya tsuguna a gindin tsamiya tun safe har azahar, tururuwa tana cizonsa bai motsa ba. Barira ta ce kati ya kusa ƙarewa, ya ce a je a sayo wani.

Da ya kashe na zauna a bakin gado. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma tsoron da ya biyo bayansa ya fi na Falgore. A daidai nan mai hankali yake tsayawa ya faɗi gaskiya. Kai ba za ka tsaya ba, na sani, don ni ma ban tsaya ba. Ya riƙa kira duk Juma'a. Na riƙa yin aski ranar Alhamis, alhali ba ganina yake yi ba.

Mataki na takwas: Cinyar tsoho

Akwai babin da babu wanda ya karanta mini, saboda na gudu kafin a zo wurin. A gidan maharba, naman farko da ɗa ya harbo, cinya ta ubansa ce. Ba kyauta ba ce, haƙƙi ne. Uban kuma ba shi kaɗai zai ci ba, sai ya kai wa abokan farautarsa sun ɗanɗana, su shaida gidan bai mutu ba.

A Juma'a ta huɗu ya ce, "Kai, cinyata fa? Su Sarkin Baka suna ta tambaya." Sarkin Baka na gaske yake nufi, na garinmu, mai yatsu takwas.

Kada ka ruɗe. Ana samun naman barewa a ƙasar nan, amma ba yankan Musulmi ba ne, kuma duk lalacewarka ba ka aika wa ubanka mushe ba. Ka tafi wurin mahaucin nan Musulmi ɗan China da ke kusa da masallaci. Na ce masa barewa, ya ce meyo. Na ce to wadda ta fi kama da barewa. Ya yi tunani, ya ba ni cinyar tunkiya.

Sai kilishi, don ɗanye ba zai kai ba. A nan za ka gane iskar Guangzhou jiƙaƙƙiya ce, riga ma sai ta kwana uku a igiya tana shawara. Na farko da na shanya a baranda gashi ya fito masa, kore. Na biyu na ari na'urar busar da gashin Hajiya Salamatou na yi yini biyu ina bi yanka-yanka. Ka zuba yaji, da citta, da kanumfari, da ƙuli, ka ƙara yaji. Manufar ita ce kada harshe ya samu sukunin bincike.

Saura ɗan aike. Duk majalisar mutum ɗaya ne zai tashi a satin, kuma ka riga ka san ko wane ne. Tankari zai sauka a Kano ya bi mota zuwa Maraɗi, mijin Barira zai tare shi ya karɓa. Na kai masa har Baiyun.

"Sarkin Baka, mi ke cikin ledar ga?"

"Barewa ce, Alhaji."

Ya kai hanci ya shinshina. "Dakor, na yarda. Ni dai ɗan aike ne." Ya cusa ta tsakanin kwalayen hoda ya ja zif. Sannan ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙasimu, tsohonka shekara nawa shina cin barewa?"

"Za a yi sittin."

"To," in ji shi. "Allah shi kai mu lafiya."

Mataki na tara: Ka saurari saƙon kai kaɗai

Juma'a za ta zo, ba zai kira ba. Ka bar wayar a kan tebur, ka duba ta sau ɗari, ka kashe ka kunna ko sabis ne. Ba sabis ba ne.

Ranar Asabar da la'asar ina kasuwar fitilu, muna gardama da wani laoban a kan batir, saƙon murya ya shigo daga lambar Barira. In naka ya shigo, ka fita daga shagon ka nemi matakalar da ba kowa. Kada ka saurara a gaban laoban, zai ɗauka farashinsa ne ya yi maka haka.

Muryar Barira ce ta fara. "Baba, yi magana, yana ɗauka."

"Saƙo ya iso," in ji shi. "Na shiga ɗaki na ɗanɗana ni kaɗai kafin in fitar. Tunkiya ce. Tsohuwa ma, wanda ya sayar maka ya cuce ka." Ya yi tari. "Jiya bayan masallaci na kai wa su Sarkin Baka. Suka tauna, suka dubi juna. Na ce musu barewar ƙasar sanyi ce, kitse gare ta, haka ɗanɗanonta yake. Suka ce Allah ya yi maka albarka."

A cikin saƙon ina jin kaji a tsakar gida, da wata tana daka.

"Shekara sittin ina shiga daji, ban taɓa kiran gada barewa don a yabe ni ba. Jiya na kira tunkiya. To, ya wuce. Hoton nan naka mai motsi, na sa yarinyar nan ta maimaita mini ya fi sau goma. Ban san me kake zubawa ba, ba na kuma son in sani. Amma hannunka ba ya rawa, kuma ba ka gaggawa. Wannan ba a yin ƙaryarsa. Ni yanzu nesa ina gani ras, kusa ne ya gagare ni, awo ma da lalube nake yi. In ka samu sarari ka zo. Kai ka auna ka ɗura a gida, ni in shiga dajin. Ba sai ka ji ƙarar ba."

"Baba, ka gama?"

"Na gama. Kashe."

Mataki na goma

Na yi niyyar rubuta maka yadda ake amsa irin wannan saƙo. Na zauna a matakalar har aka fara jan ƙofofin shaguna, na danna wurin ɗaukar murya sau bakwai ina gogewa. Na takwas ɗin na ce, "To, Baba," na tura. In ka samo wadda ta fi wannan, ka rubuta naka darasin.

Sanarwar zare hannu

Mai wannan darasi ba shi da alhakin komai da zai biyo baya. In ƙungiyar 'yan kasuwa ta naɗa ka shugaban tsaro, ba ruwana. In ka je gida hutu aka sa ka a gaba ranar korar ɓarayin shanu, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In wani ya sa wa ɗansa sunanka saboda jarumtarka, kai da Allah.

Na yi maka alkawarin suna, ka samu. Na yi maka alkawarin tsoho zai riƙe waya, ya riƙe. Ko sau ɗaya ban ce maka ba zai gane tunkiya ba. In kuwa dattijo ɗan shekara saba'in da biyar ya zauna a gaban abokansa ya yi ƙarya don ya rufa maka asiri, wannan kayanka ne, kai za ka ɗauka. Ba zan taya ka ba, nawa ma ya ishe ni.

Duk mai ƙorafi ya same ni a wurin Hajiya Salamatou kafin Talata. Daga Talata ina ƙauye, kuma aiki zai yi mini yawa.